Bin Na Gaba Bin Allah Ne, Amma Har Ina?

Kafin mu shiga darasin wannan wata, muna roƙon mai-karatu ya ɗauki Littafinsa ya karanta Romawa sura 13, daga aya 1 zuwa 7, kana ya juya baya ya karanta Ayyukan Manzanni sura 5, daga aya 17 har ƙarshe. In a cikin taro ne a ke karatun, a ba mutum biyu, kowa ya karanta nasa da murya.

A wuri na fari manzo Bulus yana koya wa masu-bi su zauna ƙarƙashin masu mulki, su biya haraji, su girmama hukuma, gama Allah ne ya kafa sarauta. A wuri na biyu majalisa ta hana manzanni koyarwa cikin sunan Yesu, su kuwa suka ƙi bari, har Bitrus ya faɗa wa babban firist ido da ido cewa inda umurnin mutum ya yi karo da na Allah, na Allah za su bi. Ruhu ɗaya ne ya ba mu surorin nan biyu, ba mu kuwa da iko mu riƙe ɗaya mu yar da ɗaya. Hausawa su kan ce bin na gaba bin Allah ne. Magana ce mai kyau, ta riƙe gidaje da garuruwa da yawa. Amma in na gaban ya saki hanya fa? Tambayar nan ta faɗo wa 'yan'uwanmu Kirista baƙar fata na ƙasar Amurka tsakanin 1955 da 1965, suka amsa ta da jikinsu. Amsarsu ce za mu duba, mu auna ta da Maganar Allah.

Dokar da suka tarar

An hana bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa. Ba a daɗe ba jihohin kudu suka shiga kafa dokoki na raba mutane bisa ga launin fata. A 1896 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yarda da rabon, muddin dai, in ji ta, abin da aka ba wannan sashi daidai ne da na wancan. Bai taɓa zama daidai ba. Yaran baƙar fata da makarantarsu, yaran farar fata da tasu. Haka asibiti, da ɗakin jiran jirgin ƙasa, da famfon shan ruwa, har da maƙabarta. A birnin Birmingham na jihar Alabama, ba Birmingham ta Ingila ba, doka ta hana mai gidan abinci ciyar da fari da baƙi cikin ɗaki ɗaya, sai in ya ja bango mai tsayin ƙafa 7 a tsakaninsu, kowa kuma da ƙofarsa. Wata doka ta hana su buga ƙwallo tare, ko su zauna wuri ɗaya su yi karta.

Mai-karatu zai ce, me ya hana su sāke dokokin ta hanyar zaɓe? Ai nan ne aka toshe. In baƙar fata ya je a rubuta sunansa cikin masu jefa ƙuri'a, sai a ɗora masa haraji, a ba shi jarrabawa wadda mai ba da ita ne kaɗai ke yanke ko an ci ko an faɗi. Akwai gundumomi a Alabama inda baƙar fata suka fi yawa, amma ba ko mutum ɗaya a cikinsu da ke da ƙuri'a.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, masu yin dokokin nan da waɗanda a ke yi wa, galibinsu masu zuwa sujada ne ran Lahadi. Littafi ɗaya su ke karantawa, cikin majami'u dabam dabam. Waɗansu masu wa'azi har suka nemo wa wariya gindin zama cikin Farawa sura 9, suna cewa an la'anta Ham, baƙar fata kuwa zuriyarsa ne. Mai-karatu ya duba surar da idonsa. Nuhu ne ya furta la'anar bayan da maye ya sake shi, a kan Kan'ana ta faɗa, ba a kuwa ambaci launin fatar kowa ba.

Ran 1 ga Disamba 1955, a birnin Montgomery na Alabama, wata mace mai ɗinki, Rosa Parks, mai shekara 42, 'yar wata ekklesiyar Methodist ta baƙar fata, ta hau motar bas za ta gida daga wurin aiki. Ka'idar motocin nan ita ce farare a gaba, baƙaƙe a baya. Sau da yawa baƙar fata ya kan biya kuɗi a ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta ƙofar baya. Da kujerun gaba suka cika, direba ya umurci mutum 4 su tashi domin farin mutum guda ya zauna, gama ba a yarda su zauna jeri ɗaya da shi ba. Uku suka tashi, ita ta ƙi. Ba ta yi zagi ba, ba ta gudu ba. Tana zaune har 'yan sanda suka zo suka kama ta. Aka ci ta tarar dala 10, da dala 4 kuɗin kotu.

Ran 5 ga wata baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin, su ne kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na masu hawa. A ranar suka zaɓi wani matashin fasto na ekklesiyar Baptist, Martin Luther King, mai shekara 26, ya shugabance su. Kwana 381 suka yi ba su hau bas ba. Tsofaffin mata masu aiki a gidajen fararen fata suna tafiya mil da yawa a ƙasa, cikin sanyi da ruwan sama. Masu mota suka shirya ɗaukar marasa mota. Da dare a taru a majami'a, a yi addu'a, a yi waƙa, a tara baiko domin man mota.

Gwaji mai tsanani ya zo ran 30 ga Janairu 1956. King yana wurin taro aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Allah ya tsare, ba abin da ya same su. Kafin ya iso jama'a ta cika ƙofar gidan, waɗansu da bindiga, waɗansu da wuƙa, ga kuma 'yan sanda farare a tsakiyarsu. Ya tsaya a bakin ƙofar da ta tarwatse ya roƙe su su mai da makamai gida. Ya tuna musu da abin da Ubangiji ya faɗa wa Bitrus a daren da aka kama shi, sa'ad da ya zare takobi, ya ce musu tilas su ƙaunaci 'yan'uwansu farare ko me suka yi musu. Mutane suka watse. Mun san ramuwar gayya ta fi gayya zafi, da kuwa an rama a daren nan, da labarin Montgomery ya ƙare cikin jini tun wata na biyu.

Cikin Fabrairu hukuma ta tono wata tsohuwar doka ta 1921, ta tuhumi shugabanninsu kusan mutum 90 da laifin shirya ƙauracewar. Ba su jira a zo a kama su ba. Suka sa tufafinsu na Lahadi suka kai kansu wurin 'yan sanda. Ran 13 ga Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wariya cikin motocin ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, ran 21 ga Disamba kuwa kowa ya hau ya zauna inda ya ga dama.

Amma ba a ce su yi wa gunki sujada ba

Yanzu bari mu tsaya mu saurari ɗan'uwan da bai yarda ba, gama yana da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Zai ce mana, Shadrak da Meshak da Abednego an umurce su su yi wa gunki sujada. Daniyel an hana shi addu'a. Manzanni an hana su wa'azi. Dukansu an tilasta su ne su yi zunubi da hannunsu. Zama a bayan mota kuwa ba zunubi ba ne. Wulakanci ne, i, amma ashe Ubangiji bai koya mana cikin Matta sura 5 mu jimre da wulakanci ba, wanda aka mara ya juya ɗaya kuncin? Bitrus kuma, cikin wasiƙarsa ta fari, bai gargaɗi bayi su yi haƙuri har da iyayengiji masu mugun hali ba? Fastoci da yawa, baƙaƙe da farare, masu tsoron Allah, a kan wannan suka tsaya, ba mu kuwa kira su matsorata ba.

Duk da haka muna gani Littafi bai tsai da abin a kan sha'anin sujada kaɗai ba. Cikin Fitowa sura 1 ba wanda ya hana ungozoman nan, Shifra da Fu'a, yin addu'a. Fir'auna ya umurce su ne su kashe jarirai maza na wata kabila, suka ƙi sabili da tsoron Allah, Allah kuwa ya sāka musu da alheri. Esta ta shiga gaban sarki ba tare da an kira ta ba, tana sane doka ta hana, tana sane hukuncin kisa ne, domin ta ceci mutanenta.

Labarin da ya fi taimakonmu shi ne na Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16. An bulale Bulus da Sila a gaban jama'a ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da tsakar dare ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. Ba su gudu ba, shi ya sa yarin bai kashe kansa ba. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita, ya ce an dūke su a fili, su kuwa 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo, suna ba da haƙuri. Mai-karatu ya lura da kyau: sa'ad da ya sami hanyar gudu bai gudu ba, sa'ad da aka ce ya fita a rufe laifin hukuma bai fita ba. Mutumin nan ne ya rubuta Romawa sura 13. Ubangiji da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, cikin Yohanna sura 18, bai rama ba, amma bai yi shiru ba, ya tambayi dogarin dalilin marin. Ashe juya kunci ya hana ramuwa ne, bai hana shaida ba.

Har wa yau, ba gaskiya ba ne a ce dokar wariya ba ta sa kowa zunubi. Ku tuna da Kirista farar fata mai gidan abinci, wanda doka ta ce ya kori ɗan'uwansa cikin Kristi daga tebur. Yaƙub, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, ya kira shi zunubi a ba mai kyawawan tufafi wurin zama mai daraja a ce wa matalauci ya tsaya can. A Antakiya Bitrus yana ci tare da masu-bi na Al'ummai, da waɗansu baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye, Bulus kuwa ya tsauta masa a gaban kowa, ya ce wannan ya kauce wa gaskiyar bishara. Yana nan cikin Galatiyawa sura 2. Abin da Bulus ya tsauta wa Bitrus a kansa, shi ne birnin Birmingham ya mayar doka, ya sa 'yan sanda su tsare ta. Ta wajen baƙar fata kuwa, kowace safiya dokar tana koya wa ɗansa ƙarya, cewa Allah ya yi shi ƙasa da wani, alhali cikin surar Allah aka halicce su duka biyu. Mutum yana da iko ya yafe hakkin kansa, Kirista kuwa ya kamata ya riƙa yin haka sau da yawa. Hakkin maƙwabcinsa da na 'ya'yan maƙwabcinsa ba nasa ba ne da zai yafe.

To, ina mu ka bar Romawa 13? Ba mu bar ta ba. Bulus bai raba wasiƙarsa sura sura ba, an yi rabon nan ne fiye da shekara dubu bayansa. In mun fara karatu daga ƙarshen sura 12 za mu tarar yana hana ramuwa, yana cewa a ciyar da maƙiyi, a rinjayi mugunta da nagarta. In mun wuce aya 7 za mu tarar yana cewa ƙaunar maƙwabci ita ce ta cika shari'a. Maganar masu mulki a tsakanin waɗannan biyu ta ke zaune. Ya kuma kira mai mulki ma'aikacin Allah domin alherin mutane, ma'aikaci kuwa yana da Ubangida a bisansa. Kalmar da Bulus ya zaɓa da Helenanci tana nufin mutum ya sa kansa ƙarƙashin wani, dabam ta ke da wadda ya ke amfani da ita sa'ad da ya ke gaya wa 'ya'ya su bi iyayensu. Ba mu so mu ɗora wa kalma ɗaya kayan da ya fi ƙarfinta, gama cikin Titus sura 3 ya ambaci biyayya a fili. Amma rayuwar manzanni ta nuna mana cewa mutum yana iya ƙin wani umurni guda, ya kuma zauna ƙarƙashin hukuma, watau ya bar ta ta kama shi, ta yi masa shari'a, ta hukunta shi. Ɗan tawaye yana so ya kā da kujerar. Wannan kuwa yana tuna wa mai zama a kanta wanda ya ba shi ita.

Birmingham, 1963

A nan ne abin ya fito sarai. Fasto Fred Shuttlesworth, wanda aka rushe gidansa da bam a daren Kirsimati na 1956 ya fita da rai, shi ne ya gayyaci King zuwa garin. Suka fara ran 3 ga Afrilu 1963. Ran 10 ga wata wani alƙali na jihar ya ba da umurni ya hana su yin jerin gwano. Har zuwa lokacin King bai taɓa ƙetare umurnin kotu ba. Ran 12 ga wata, Juma'ar da ekklesiya ke tunawa da gicciyewar Ubangiji, ya fita kan titi tare da abokinsa fasto Ralph Abernathy, aka kama su.

Shugabannin addini 8 na jihar, dukansu farare, da bishop-bishop a cikinsu da malamin Yahudawa guda, suka buga takarda a jarida. Ba masu jefa bam ba ne, mutanen kirki ne a idon gari. Suka ce abin bai dace ba, lokacinsa bai yi ba, a bar wa kotu, a yi haƙuri. King ya karanta cikin kurkuku, ya fara ba su amsa a gefen jaridar da kan guntayen takardu, wasiƙar tana ɗauke da kwanan wata 16 ga Afrilu. Game da jira, ya ce mutanensa sun jira fiye da shekara 340, kuma wanda bai ɗanɗani wariya ba shi ne ya ke ganin jira da sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ya nuna musu yadda ƙasashen Afirka da na Asiya ke samun mulkin kai da sauri, su kuwa har yanzu ana hana su zama a shagon abinci. Da idonsa ya gani, gama ya halarci bikin 'yancin Gana a 1957, ya kuma zo Legas a 1960 sa'ad da aka naɗa Azikiwe Gwamna-Janar.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wannan. A 1954 Kotun Ƙoli ta hana wariya a makarantu, King kuwa yana ta kira ga farare su bi hukuncin. Yaya zai ce a bi wannan doka a ƙi waccan? Ya amsa daga koyarwar magabatan ekklesiya, Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, da Toma Akwinas, waɗanda suka koyar cewa dokar mutum tana samun ikonta ne daga dacewarta da shari'ar Allah. Ya kuma ba da ma'auni da kowa zai iya riƙewa: in masu yawa suka ɗora wa marasa yawa dokar da su kansu ba su yarda ta hau kansu ba, in kuma an hana waɗanda dokar ta shafa bakin magana wurin yin ta, dokar zalunci ce. Ya tuna musu cewa abin da Hitila ya yi a Jamus bisa doka ya yi shi, wanda ya ɓoye Bayahude kuwa shi ne mai karya doka.

Sai dai kowane mai taurin kai yana iya cewa lamirinsa ne ya hana shi bin doka. Masu wariya ma haka suka ce. Ran 11 ga Yuni na shekarar, gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya a ƙofar jami'ar jihar domin ya hana ɗalibai 2 baƙar fata shiga, ya ƙi bin umurnin kotu. Da me za mu rarrabe? King ya ce wanda zai ƙi doka sabili da lamiri, sai ya yi a fili, da ƙauna, yana kuma shirye ya karɓi hukuncin. Mu auna. Gwamnan ya tsaya ne da ikon kujerarsa domin ya rufe wa wani ƙofa, da soja suka zo ya kauce, bai kwana kurkuku ba. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan da dare su ke fita, fuska a rufe, wahalar kuwa a jikin wani ta ke sauka. Mutanen King da rana su ke fita, sun sanar da hukuma, wahalar a jikinsu ta ke sauka. Wanda ya yarda ya sha ɗauri domin abin da ya gaskata ya ba da jingina mai tsada, ba kasafai mai son zuciya ya kan ba da irinta ba.

Kada wani ya zaci halin nan daga sama ya faɗo musu. Koyonsa suka yi. James Lawson, ma'aikacin Methodist wanda ya yi shekara 3 a Indiya ya binciki hanyar Gandi, ya riƙa tara ɗalibai cikin majami'u a birnin Nashville tun 1959. Waɗansu su zauna kamar suna shagon abinci, waɗansu su zage su, su ture su ƙasa, domin kowa ya san zuciyarsa tun ranar ba ta zo ba. A Birmingham duk mai so ya fita sai ya sa hannu a takardar alkawari: zai yi tunani kowace rana a kan koyarwar Yesu da rayuwarsa, zai yi addu'a, zai yi ladabi ga aboki da maƙiyi, ba zai cuci kowa da hannu ko da baki ko cikin zuciya ba, abin da ya ke nema kuwa adalci ne da sulhu. Wanda ya ga ba zai iya ba, ba a kore shi ba. A kan ba shi wani aiki, ya tuƙa mota, ko ya dafa abinci, ko ya kai saƙo. Muna ganin hikima a nan. Ekklesiyar da ta tura mutane gaban 'yan sanda ba ta shirya zukatansu ba, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyanta.

King ya sha bayyana cewa ƙaunar da ya ke nufi ba so ba ce. Ba wanda zai so mutumin da ya jefa wa 'yarsa bam. Nufin alheri ne ga maƙiyi domin Allah yana ƙaunarsa, da ƙin yarda a bar shi cikin zunubinsa, gama wariya tana lalata mai yin ta kamar yadda ta ke ƙuntata wa wanda a ke yi wa. Ya kan ce daga wurin Kristi suka sami ruhun aikin, daga wurin Gandi suka koyi dabararsa.

Akwai abubuwan da har yanzu su ke damunmu. Ran 2 ga Mayu 1963 aka bar yaran makaranta suka fita, aka kama ɗaruruwa a rana ɗaya. Kashegari kwamishinan da ke kula da 'yan sandan garin, Bull Connor, ya sa aka sakar musu karnuka da ruwan mesa na masu kashe gobara. Hotunan suka zaga duniya, ran 10 ga wata manyan 'yan kasuwar garin suka yarda a yi sulhu. Abin ya ci, amma babba ne ke iya ƙidaya tsadar abu kafin ya ɗauka, ba mu kuwa iya cewa yaro ɗan shekara 10 ya ƙidaya ba. Masu shirin sun ce yaron da ya isa a yi masa baftisma ya isa ya ba da shaida, kuma wariya ba ta jira ya girma kafin ta taɓa shi. Hujja ce, ba ta kwantar mana da rai duka ba. Ko cikin ekklesiyar baƙar fata ba a zama baki ɗaya ba: J. H. Jackson, shugaban babbar tarayyar Baptist tasu, ya ƙi hanyar nan, ya ce a bi kotu da ƙuri'a, har tarayyar ta rabu a 1961.

Kada kuma mu koyar cewa wanda ya bi hanyar nan lalle zai ci nasara. A garin Albany na jihar Jojiya sun yi ta fama daga 1961 zuwa 1962, aka ɗaure fiye da mutum dubu, hukumar garin ba ta ba su kome ba a lokacin. A Birmingham, wata huɗu bayan sulhu, ran Lahadi 15 ga Satumba 1963, 'yan Klan suka dasa bam a majami'ar Baptist ta Titi na 16, ya kashe 'yan mata 4 suna shirin shiga sujada. Samarin nan uku na Babila sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi sujadar ba. Wanda ba zai iya faɗin kashi na biyu na maganar nan ba, bai shirya ba tukuna.

Dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a ta fito ran 2 ga Yuli 1964, ta kāre hakkin ƙuri'a kuwa ran 6 ga Agusta 1965. Amma shari'ar jerin gwanon ranar Juma'ar nan ba ta mutu ba. An yanke wa King da abokansa ɗaurin kwana 5 da tarar dala 50 domin sun ƙetare umurnin alƙali, suka ɗaukaka ƙara. A 1967 Kotun Ƙoli, wadda ta ba su gaskiya a kan motocin Montgomery, ta ba su rashin gaskiya, alƙalai 5 a kan 4. Ta ce kamata ya yi su nemi kotu ta soke umurnin kafin su fita. A lokacin King ya riga ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya tun 1964, shugabannin ƙasashe suna karɓarsa. A ƙarshen Oktoba 1967 ya hau jirgi ya koma Alabama, ya ba da kansa, aka rufe shi. An harbe shi a birnin Memphis ran 4 ga Afrilu 1968, yana da shekara 39. A 1969 kotun nan ta duba ƙarar Shuttlesworth a kan jerin gwanon ranar nan, ta ce dokar neman izini da Birmingham ta kama su da ita ta saɓa wa tsarin mulki.